Ba Kowane Ciwon Gaɓa Ne Sanyi Ba

Ya kai maigida, da ke uwargida, ku tattara hankalinku ku ji. In akwai mai karatu a gidan, ya karanta wa sauran da ƙarfi har tsofaffi su ji, domin maganar ta shafe su, ta kuma shafi jikokinsu.

Da wuya a sami gidan da babu mai kukan gwiwa, ko ƙugu, ko kafaɗa. Da hunturu ya kama sai ka ji tsoho yana cewa sanyi ya sauko masa. Tsohuwa ta kasa durƙusawa gaban murhu, a ce sanyi ne. Yaro ya kwana yana kukan ƙafa, shi ma a ce sanyi ne ya shige shi don ya yi wasa cikin ruwan sama. Sunan ɗaya ne a bakinmu, amma cututtukan daban-daban ne. Likitoci sun ƙidaya ciwon gaɓoɓi iri fiye da 100. Ba mu ce ka haddace su ba. Abin da mu ke so ka sani shi ne, akwai ciwon gaɓa wanda a kan zauna da shi shekara da shekaru ana lallaɓawa, akwai kuma wanda in ya kwana biyu ko uku ba a kai asibiti ba ya kan bar mutum gurgu har ƙarshen ransa. Mai gidan da ya iya rarrabe su ya tsare iyalinsa.

Yadda gaɓa ta ke

Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Inda biyu suka haɗu, nan ne gaɓa. In an yanka rago ran Babbar Salla, ka tsaya ka dubi gwiwarsa bayan an raba ta. Za ka ga kan ƙashin fari fat, sumul, yana sheƙi. Wannan shi ne guringuntsi. Za ka kuma ga wani ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, shi ne man gaɓa. Akwai wata jaka da ta lulluɓe su duka, sa'an nan jijiyoyi da tsoka suka ɗaure ta waje. Taka gwiwar ma haka ta ke.

Ka riƙe abu guda. Guringuntsi ba shi da hanyar jini tasa. Daga ruwan nan mai yauƙi ya ke samun abincinsa, kuma sai an motsa gaɓa ruwan ke shiga cikinsa yana fita, kamar yadda a ke matsa soso a sake shi. Saboda haka gaɓar da aka ajiye ba motsi, yunwa ta ke ji.

Sanyin ƙashi na manya

Wannan shi ne wanda ya fi yawa. Da tafiyar shekaru guringuntsi ya kan yi ta cinyewa, ya yi kaushi, har ƙashi ya soma gugar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 528 ke fama da shi a duniya. Cikin kowane 10, 6 mata ne, galibinsu kuwa sun wuce shekara 55. Gwiwa ya fi kamawa, sa'an nan ƙugu da yatsun hannu.

Abin da ke gaggauta shi sananne ne: tsohuwar targaɗe ko karaya da ta taɓa gaɓa, da ƙiba, da aikin ƙarfi na kullum. Wanda ya yi shekara 40 yana noma a sunkuye, da wadda ta yi shekara 40 tana ɗauko tulu daga rijiya tana daka, gaɓoɓinsu sun yi bauta. Wani kuma gado ya yi.

Ga yadda za ka gane shi. Ba ya zuwa rana ɗaya, a hankali ya ke shigowa. In an yi aiki ya tsananta, in an huta ya lafa. Da asuba gaɓar ta kan riƙe, amma kafin rabin sa'a ta saki, sau da yawa kafin a dawo daga masallaci. In an lanƙwasa gwiwa a ji tana ƙas-ƙas. Babu zazzaɓi, mutum yana cin abincinsa. In ya daɗe ƙafa ta kan lanƙwashe kamar baka.

Ba sanyin hunturu ke haddasa shi ba, ko da ya ke mutane da yawa sun fi jinsa lokacin ɗari. Kuma gara mu gaya maka gaskiya, har yanzu babu maganin sha ko na shafawa da ke mayar da guringuntsin da ya cinye. Mai lasifika da ke tsayawa a kasuwa yana rantsuwa kwalbarsa za ta mayar da gwiwarka ta saurayi, kuɗinka ya ke so. Amma kada wannan ya karya maka zuciya, gama abin da za ka yi wa kanka yana da yawa, mafi yawansa kuwa ba ya cin ko kwabo.

Na farko, kada ka kwanta. Yara masu biyayya su kan ce, “Baba, ka zauna, mun ɗauke maka kome.” Nufinsu alheri ne, amma tsohon da ya wuni a kan tabarma tsokar cinyarsa ta kan zube, in ta zube kuwa duk nauyin jiki sai ya koma kan gwiwa, ciwo ya ƙaru. A bar shi ya taka zuwa masallaci, ya je zaure, ya leƙa gona ta kusa. A bar tsohuwa ta yi shara, ta ba awaki dusa. Abin da za a ɗauke musu shi ne kaya mai nauyi da doguwar durƙuso.

Ga wani ɗan aiki na ƙarfafa cinya. Ka zauna a kan benci ko kujera mai tsawo. Ka miƙe ƙafa ɗaya sosai, ka riƙe ta a haka ka ƙidaya 10, ka sauke a hankali. Ka yi sau 10, ka koma ɗaya ƙafar. Safe da yamma. Kwanakin farko za ka ji tsami, kada ka bari. Sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa.

Ka nemi sanda, kada ka ji kunya. Amma mutane da yawa ba su iya riƙe ta ba. In gwiwar dama ke ciwo, a hannun hagu za ka riƙe sanda, ka jefa ta gaba tare da ƙafar da ke ciwo. Ka sa wa fartanya doguwar ƙota don ka rage sunkuyo. Ke kuma uwargida, ki raba ruwa biyu, sawu biyu da ƙaramin tulu ya fi sawu ɗaya da babba. Ki zauna a kujera mai ɗan tsawo wurin girki. A kafa wa tsoho gungume mai ƙarfi kusa da bakin masai, ya riƙa kamawa in zai tsuguna ko zai tashi. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi ya tambayi limami, addini ya yi wa mara lafiya sauƙin yin salla a zaune.

Gashi da ruwan ɗumi yana taimako. A tsoma tsumma mai tsabta, a matse, a ɗora a gaɓa kamar minti 15. Ruwan ɗumi muka ce, ba tafasasshe ba. Shafa man kaɗe a murza a hankali ba ya cutarwa, muddin fata ba ta da rauni. Mai ƙiba kuma ya rage jiki, domin kilo ɗaya da ka zubar ya kan rage wa gwiwa nauyin wajen kilo 4 a kowane taku.

In ciwo ya kai har mutum ba ya iya barci ko tafiya, a manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ana iya cire gaɓar da ta lalace a sa ta ƙarfe. Aiki ne mai tsada, kuma likita ne ke faɗin wanda ya dace da shi.

Hattara da ƙwayoyin kasuwa

A nan mutane da yawa ke cutar kansu. Manomi ya dawo gona jiki ya yi tsami, ya aika yaro wurin mai talla a ƙullo masa haɗi, ƙwaya huɗu ko biyar kala-kala cikin leda, ba suna ba takarda. Ya sha ya ji garau. Gobe ya sake. Shekara ta zagayo yana sha kullum.

Cikin irin wannan haɗi a kan sami dikulofinak ko ibufurofen. Magunguna ne masu kyau in likita ya ba da su na 'yan kwanaki, a sha bayan cin abinci. Amma in an daɗe ana sha su kan ci bangon ciki su jawo gyambo, su ta da hawan jini, su lalata ƙoda. Wanda ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ya daina sha nan take a kai shi asibiti, jini ne ke zuba a cikinsa. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su taɓa su sai da izinin likita.

A kan kuma sami deksametazon, wanda waɗansu ke sha don ƙiba. Shi ne ya fi yaudara, gama ya kan kwantar da ciwo maza-maza, fuska ta yi bul-bul, a ce mutum ya murmure. A ƙarƙashi kuwa yana rage ƙarfin ƙashi, yana jawo ciwon sukari da hawan jini, har ya kan kashe kan ƙashin ƙugu. Wanda ya daɗe yana shansa kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Ya je asibiti a rage masa kaɗan-kaɗan. Tiramadol kuwa kun ga abin da ya yi wa samari, ba sai mun faɗa ba.

In kana bukatar maganin rage zafi, farasitamol ya fi sauƙin illa. Babba ya sha ƙwaya 2 masu miligiram 500, kada ya sake sai bayan sa'a 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana guda. Tsoho mai raunin jiki da mai ciwon hanta su tambayi malamin asibiti tukuna. Yaro kuwa kada a ba shi asfirin sai likita ya ce.

Gaɓar da ba ta jira

To, yanzu ku ƙara kasa kunne, nan ne babbar magana.

A ce ɗanka ya wuni lafiya, da dare zazzaɓi ya rufe shi. Da safe ya ƙi taka ƙafa ɗaya. Ka duba ka ga gwiwar ta kumbura, ka taɓa ka ji ta fi ɗayar zafi, in ka yi ƙoƙarin lanƙwasa ta ya ƙwala ihu. Wannan ba sanyi ba ne. Ƙwayoyin cuta ne suka bi jini, ko suka shiga ta wani rauni, suka sauka cikin jakar gaɓa suna tara mugunya. Mugunyar nan tana narkar da guringuntsi cikin 'yan kwanaki, kuma ka riga ka ji cewa in ya tafi ba ya dawowa. Wani lokaci ma ciwon ya kan bazu cikin jini ya yi kisa.

In a ƙugu ya ke ba a ganin kumburin, domin gaɓar tana can ciki. Sai dai yaro ya ƙi tafiya, ya kwanta ya tanƙwashe ƙafa. Jariri kuwa ba ya iya faɗi. Uwa ta lura: in ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ya daina motsi, in yana tsandara kuka duk lokacin da za a goya shi ko a yi masa wanka, a kai shi ran nan. Babba ma yana kamuwa, musamman mai ciwon sukari.

Kada ka ce bari a ga gobe. Kada ka ce sai ran kasuwa in mota ta zo. Kada a fara kai shi wurin maɗori a ce targaɗe ce. Maɗori yana da nasa sani, amma ja da ɗauri ba su fitar da mugunya, sai ƙara ɓarna. Kada a yi tsaga, ko sakiya, ko ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura. Duk wanda ya huda fata da aska ko ƙarfe ya buɗe wa waɗansu ƙwayoyin cuta ƙofa, har da ciwon tsinkau-tsinkau mai ɗaure muƙamuƙi.

A asibiti za a zuƙo ruwan gaɓar da allura a auna. In mugunya ce a wanke gaɓar, a yi ta ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta har makonni. Wanda aka kai da wuri ya kan tashi ya yi gudu kamar da. Mun sani kuɗin mota da na magani ba wasa ba ne, musamman da bazara in rumbu ya yi ƙasa. Amma ka auna akuya ɗaya da za ka sayar yau da ɗan da zai girma ba ya iya riƙe garma.

Akwai wani kuma mai kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, shi yawo ya ke yi. Yau gwiwa, jibi idon sawu, gata gwiwar hannu, tare da zazzaɓi. In ka tuna baya za ka ga mako 2 ko 3 da suka wuce yaron ya yi ciwon maƙogwaro. Gaɓoɓin su kan warke sarai, shi ya sa iyaye ke sakin jiki. Amma ciwon ya kan bar tabo a ƙofofin zuciya. Bayan shekaru sai a ga saurayi yana haki in ya yi 'yar tafiya, ko yarinya ta kumbura ta kasa numfashi a cikinta na fari. Rigakafinsa mai araha ne. Yaron da maƙogwaro ke yi wa ciwo da zazzaɓi a kai shi ɗakin magani, kada a kai shi a cire masa beli. Fenisilin na kwana 10, ko allura guda, ya kan kashe cutar tun ba ta kai zuciya ba. Wanda ya riga ya kamu kuwa a kan yi masa allurar fenisilin kowane mako 3 ko 4 har shekaru. Kada a gaji da kai shi.

Masu zuwa a ɓoye

Tarin fuka ba huhu kaɗai ya ke ci ba. Ya kan sauka a ƙashin baya, ko ƙugu, ko gwiwa. Mutum ya yi watanni yana ciwon baya wuri ɗaya, yana ramewa, yana gumi da dare, wani ko tari ba ya yi. In an bar shi sai ƙashin ya rufta, ƙusumbi ya fito, ƙafafu su mutu. Yana warkewa, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai na ƙashi ya kan kai shekara guda ana sha. Wanda ya ji sauƙi ya daina a tsakiya ya jawo wa kansa wanda ya fi na farko wuyar magani.

Jaririn da bayan hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura tun yana wajen wata 6, da yaron da ciwon ƙashi ke taso wa a kai a kai idonsa ya yi rawaya, a auna jininsu, mai yiwuwa sikila ce. Gado ce daga uwa da uba duka biyu, ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa kaɗai ba. In miji da mata kowannensu yana ɗauke da rabin ƙwayar, watau AS, to kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Saboda haka a ke cewa a yi gwajin jini kafin a sa rana. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, a lulluɓe shi da ɗari, ya kwana cikin gidan sauro.

Ke uwargida, ga wani da ya fi kama mata, har masu ƙuruciya. Yatsu da wuyan hannu su kumbura dama da hagu lokaci ɗaya, da safe su sandare har sa'a guda ko fi, ki kasa riƙe muciya, ga kasala. Wannan garkuwar jiki ce ta rikice ta koma tana yaƙar gaɓoɓinta. Yanzu akwai maganin da ke tsayar da shi in an fara cikin watannin farko, kafin yatsu su karkace. Ɗaya daga ciki sau ɗaya a ke sha a mako, ba kullum ba, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shansa. In kumburin ya wuce mako 6 kada ki tsaya ga shafe-shafe.

Magidancin da babban yatsan ƙafarsa ya tashe shi tsakar dare, ya yi ja, ko zane ba ya so ya taɓa, wani gishiri ne ya taru a jininsa ya daskare cikin gaɓa. Ya rage kayan ciki da yawan nama, da lemon kwalba, ya bar giya, ya je a auna shi. Ciwon sanyi na mara, wanda a ke ɗauka wurin saduwa, shi ma ya kan sauka a gwiwa ko wuyan hannu, kuma sai an yi wa miji da mata magani tare. Masu shanu su sani, saniyar da ke yawan ɓari ta kan ba mutum wata cuta ta cikin ɗanyar madara, mai zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon ƙugu. A tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita.

Tsofaffinku za su tuna kurkunu, yadda ya ke kwantar da rabin gari da damina, ya fito kusa da idon sawu ko gwiwa ya bar gaɓa a sandare. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi.

In za ka asibiti

Malamin asibiti ba boka ba ne, abin da ka gaya masa da shi zai yi aiki. Kafin ku tashi, ku zauna da uwar yaron ko matar mara lafiya ku tuna: ran da ciwon ya fara, gaɓar da ya soma kamawa, ko ya ƙaura, ko akwai zazzaɓi, ko an faɗi, ko an yi ciwon maƙogwaro, ko akwai mai tari a gidan. Ka tattara duk takardu da kwalaben maganin da aka sha, har ledar haɗin nan, ka tafi da su. In an yi tsaga ko an sha jiƙo, ka faɗa, ba za a kama ka ba. Mara lafiyar da ba ya iya takawa kada a tilasta masa. A sa matashi ko tsumma a tallafe ƙafar yadda ya fi jin daɗi, a ɗauke shi a amalanke ko mota. In gaɓar ta yi zafi da kumburi, kada a cika masa ciki da abinci a hanya, domin mai yiwuwa ne a yi masa aiki ran nan.